Malam Lawan Na Ɗakin Gwaje-gwaje Ya Tafi

Ina ɗaura takalmi zan fita aiki da safen nan ƙaninsa ya kira ni: Malam Lawan ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu ban tashi daga wurin ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a lokacin da nake digiri na biyu a kan ƙwaƙwalwar ɓeraye. Shi ke riƙe da maikrotom, injin da ke yanka ƙwaƙwalwa falle-falle, kowane falle bai kai kaurin ɓawon albasa ba, kafin a duba a madubin likita. Daga ƙauyensu na bayan Gezawa yake tasowa kullum, amma ya riga kowa buɗe ƙofa.

Shekarun nan ne na yajin aiki da tsadar komai. Sabbin wuƙaƙen injin suka daina zuwa. Da yake ɗan gidan wanzamai ne, sai ya ɗauko dutse da fatar da mahaifinsa ke wasa aska da su, ya riƙa tayar da tsofaffin da hannunsa.

Saura sati uku in miƙa aikina wani ƙaramin ƙarfe ya karye a cikin injin. Na zauna ina kuka, ina ganin wahalar shekara biyu ta tafi a banza. Bai rarrashe ni ba. Ya kwance ƙarfen ya jefa aljihu, ranar kasuwa ya kai wa wani maƙeri abokinsa. Sau uku ana ƙerawa yana ƙin zama, a na huɗu ya zauna.

Farfesan da ya zo duba aikina ya daɗe a kan hotunan ƙwaƙwalwar da aka yanka, sannan ya tambaye ni a wace ƙasa aka yi wannan yanka. Na ce masa aikin mutumin Gezawa ne. Da na ba Malam labari, dariya kawai ya yi ya ci gaba da goge teburinsa.

Ganinmu na ƙarshe da kakar bara ne, bayan ya yi ritaya. Na same shi a gona yana cirar gyaɗa, ya rame sosai. Ya cika min leda, ya rako ni har bakin titi.

"Dakta, ki koya wa ɗalibanki su riƙa share injin kafin su tashi," in ji shi. "Shi ma yana da haƙƙi a kanku."

Mu da yawa ana kiranmu Dakta yau, kuma ta hannun bawan Allahn nan muka bi.

Allah Ya jiƙan Malam Lawan, Ya haskaka kabarinsa, Ya dubi bayansa. Duk wanda ya karanta, don Allah kar ya wuce bai sa shi a addu'a ba.