Rumfar Bakin Titi

Babanmu kafinta ne, kuma duk layin kafintoci an san shi da abu biyu: kujerar da ya haɗa ba ta girgiɗi, bakinsa kuma ba ya saurin yabon ɗan Adam. In aka ce wane mutumin kirki ne, sai ya ci gaba da goge katakonsa, ya ce a bari a ba shi iko tukuna.

Shi ya sa da 'yan layin suka kafa ƙungiya suka naɗa shi shugaba, aka sha fama da shi wajen tsara dokoki. Su so suke a sakar masa komai, har rabon rumfuna, tunda sun yarda da shi. Shi kuwa ya kafe: shugaba ba zai ba kowa rumfa ba sai dattawa uku sun amince, in suka ƙi magana ta ƙare. Dogo mai fenti har tsokanarsa ya yi, wai bai taɓa ganin wanda ya ɗaure kansa da kansa ba.

Ana nan sai mai rumfar bakin titi ya tashi, rumfar da duk mai saye ita yake fara gani. Yayana ya gama koyon aiki, ga aure a gabansa, ga shi raɓe a lungun Baba, ko wurin juya katako babu. Baba ya so masa rumfar nan har cikin ransa. Ya kawo hujjoji a gaban dattawa. Suka saurare shi tsaf, suka ba wani da ya daɗe yana aiki a rana.

Baba ya dawo gida a fusace, ko abinci bai taɓa ba. Ni ma na ji haushinsu, ba zan ɓoye ba. Washegari Dogo ya zo da jama'a, suka ce ai shi ya kawo dokar, in ya ce a soke ta kowa yana bayansa. Yayana na tsaye bakin ƙofa yana jiran amsa.

Baba ya dube su. Can ya ce, "Jiya da ni kaɗai ne, wallahi da na ba shi, kuma da na rantse adalci na yi. Ku bar ta yadda take."

Yayana ya jima yana gaishe shi a daƙile. Ni kuwa tun ranar, in aka tambaye ni 'yar waye, sai na gyara tsayuwa kafin in faɗa.