Uwar Rinin Mahaifina a Cikin Firji

Ni marini ne, ɗan marini. Da mahaifina ya sauko Inugu daga Kano, ina ɗan shekara shida, abin da ya rungume a mota har unguwar Abakpa ba akwatin kaya ba ne, jarka ce ta tsohon ruwan rini da ya ɗebo a karofin gidanmu. Mu uwa muke ce wa wannan ruwan. Ba ma haɗa sabon rini sai mun zuba masa ƙwarya ɗaya ta uwa, in ba haka ba sai ka yi ta jira ruwa ya ƙi tashi. A nan ba mu samu filin haƙa karofi ba, sai muka koma duro, guda uku a bayan gida kusa da kwata. A ɗiba a wannan a tada wancan, shekara da shekaru uwar ba ta yanke ba. Da ciwon ajali ya kama shi bai yi mini wasiyyar gida ba, don haya muke. Cewa ya yi, "Kada ka bari ta mutu a hannunka."

Wata rana ina tsoma yadi sai ga wata mata Ibo ta sauko daga keke mai ƙafa uku. Ta ce malama ce a jami'a, dakta ce a ilimin sinadarai, ita da ɗalibanta suna neman hanyar rina tufa ba tare da kemikal ɗin da ke gangarawa rafi yana kashe kifi ba. Wata huɗu suna jiƙa ganyen baba a ɗakin gwajinsu, shiru. Da turancin buroka muke magana, ina ce mata Dakta, tana ce mini Malam.

Gaskiya ban sakar mata fuska ba. Na gaji da masu zuwa su ɗauki hoton shuɗin hannuna su kama gabansu. Na ce ni ba na sayar da sirri. Ta ce ba sirri ta zo saye ba, so take in je in nuna mata inda suka yi kuskure. To fa, wannan ta shige ni. Dakta guda ta tsallako kwata da takalmi mai tsini, wai ni in duba mata aiki!

Da na je aka sa mini farar riga, aka miƙo safar roba. Na ce haba, hannun da ya shekara arba'in a rini shi za a sa wa safa? Suka nuna mini tukunyar gilashi cike da ruwa. Na shinshina, ba komai. Na tsoma yatsa na kai harshe, ɗaliban suka saka ihu, wata har da dafe ƙirji. Na ce su kwantar da hankalinsu, ruwan nan ko rai babu a cikinsa. Na tambayi yadda suke haɗawa. Ganye daidai, toka daidai, komai sai an ɗora a sikeli. Amma kafin nan sai sun wanke tukunyar tas da sabulu, sun turara ta a wata na'ura, har ganyen ma sai sun turara, sannan su zuba ruwan da aka tace aka sake tacewa. Tabɗijam! Na yi dariya har da hawaye. Na ce, "Dakta, kun kashe komai kuma kuna jira ya tashi? Mu duronmu sabulu bai taɓa ganin cikinsa ba."

Na san maganin, amma sai da na kwana biyu ina juya abin a raina, don mahaifina ko maƙwabci bai taɓa ɗibar wa uwa ba. A rana ta uku na cika kwalba na hau okada na kai mata. Kwana shida ta bugo mini waya tana ihu, wai kumfa ta taso.

Ta ɗiga ruwan a kan gilashi ta ce in leƙa cikin madubinsu mai girmama ƙaramin abu. Na ga wasu halittu kamar gutsattsarin tsinke suna ta mutsu-mutsu. Ta ce su ne ke sa shuni ya narke ya kama zare. Na ce, "Wato kiwo muke yi ba mu sani ba?" Ta ce tun daga kan kakana. Raina ya ɗan sosu, don ni a zatona albarkar hannun mahaifina ce kawai. Daga baya na ga ai duk ɗaya ne, shi ya yi musu dakon jarka tun daga Kano.

Shekara biyu ina zuwa duk Talata. In na ɗanɗana na ce toka ta yi kaɗan, sai su tsoma na'urarsu mai nuna lamba, ta ce haka ne. Sau ɗaya tak ta kayar da ni, ranar ma mura nake yi. Su kuma suka koya mini naɗe duro da baƙar leda in sanyin damina ya sa ruwa kasala. Inda muka saɓa shi ne ranar da ta ɗura uwa a wasu 'yan kwalabe ta jefa a wani firji da ya fi ƙanƙara sanyi. Na ce abin da ke son ɗumi za ki daskarar? Kin kashe su, wallahi. Na yi ta tsokanarta da wannan har ɗaliban suka haddace.

Sai wata Juma'a muna masallaci ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Kwata ta cika ta yi ambaliya. Na dawo na tarar duro biyu a kife, na ukun ya cika da ruwan kwata mai baƙin mai daga garejin makanikai. Kwana bakwai ina kwalfewa, ina ƙara toka, ina motsawa. Na ɗanɗana na ji lami. Ta mutu, kuma a hannuna. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na buga waya Kano aka ce karofin gidanmu an daɗe da cike shi an gina shaguna.

Mai ɗakina ce ta ce, "Malam, ka je wurin Daktarka mana." Na ce lokacin hutu ne, duk tukwanensu an zubar. Ta ce, "Firjin fa?" Kunya ta kama ni, amma na je.

Dakta ba ta yi mini gori ba ko kaɗan. Ta buɗe firjin, hayaƙin sanyi ya bugo mu, ta ciro 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. A jikinta an rubuta sunan mahaifina. Ashe dalilin da ya sa ta taɓa tambayata sunansa ke nan, ni na ɗauka hira ce. Ta ɗumama halittun da ke ciki, ta yi ta ciyar da su har suka yawaita, sannan ta kawo mini da kanta a keke. Ta miƙo ta ce, "Malam, kai za ka zuba."

Kwana tara kumfa ta taso. Na tsoma yatsa na kai baki, na ji kaifin nan a gefen harshe da ɗan zaƙi a ƙarshe, wanda mahaifina ya fara ɗanɗana mini ina yaro. Dakta ta fito da na'urarta, ta kalle ni, ta mayar jaka, ta tsoma yatsa ta lasa ta yamutse fuska. Na tsoma farin yadi, ya fito kore, iska ta buge shi ya juye shuɗi a gabanmu. Ban san lokacin da na ce da Hausa, "Ga ta nan, tana raye," ba.

Dakta ta tambaye ni da wa nake. Na ce da mai sunan da ke jikin kwalbar.