Ƙumbar Iya Kulu ta Huɗu

A ƙauyukan da ke bayan Sandamu, duk randar da ta haura shekara ashirin ba ta tsage ba, in ka tambaya za a ce maka ginin Iya Kulu ce. Wajen mahaifiyarta ta gaji ginin tukwane, da shi ta aurar da 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta, kuma har hannunta ya fara rawa ba ta yarda ta kankare cikin tukunya da ƙarfe ba. Da ƙumba take yi, ɓawon nan mai murfi biyu na halittar da ke kwance cikin laka a gindin tafki. Ba ta ɗaukar mai rai. Sai wadda ta mutu ta buɗe baki a gefen ruwa take tsinta, haka aka koya mata.

A lissafinta ƙumbar tafkinsu iri huɗu ce. Da doguwa take gyara wuyan tulu, da baƙa mai kauri take kankare randa, 'yar falle kuwa ta goge ce. Ta huɗun ƙarama ce, ita ke kammala leɓen tukunya, kuma ba a samunta sai a gurbin yamma, inda ruwa ba ya ƙafewa ko rani ya kai ƙarshe. Shi ya sa take kiranta 'yar gurbi.

Shekara uku da ƙaddamar da Shari'a, masu bulo suka nemi izinin kafa inji su janye ruwan gurbin. Iya Kulu ta zura hijabi ta nufi zauren Mai unguwa Jafaru. Ɗan kawunta ne, tun suna yara suke wasan taubasantaka.

"Jafaru, na ji ka ba da ruwana."

"Ruwanki? A kayan ɗaki aka kawo miki shi?"

"In gurbin nan ya ƙafe rani ɗaya, 'yar gurbi ta ƙare."

"Kulu, ƙumba ai ƙumba ce. Ga ta can birjik a gabas."

"Kai da ba ka iya bambanta tulu da kasko sai an zuba maka fura."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Sannan ya ce akwai wata malama daga jami'a, Siddiƙa, tana zagaya tafkunan ƙasar Daura tana tantance ire-iren ƙumba don a san waɗanda za a kare. Ranar Laraba za ta iso. In ta rubuta cewa akwai wani iri dabam a gurbin, zai tura masu bulo gabas. In ba ta rubuta ba, Asabar inji ya sauka.

Kwana biyu Iya Kulu ta yi tana shiri. Ta zaɓo 'yan gurbi bakwai mafiya kyau cikin waɗanda ta tsinta bana. Ba a miƙa wa baƙo abu da datti, balle malama. Ta wanke su da toka, ta goge bayansu a kan dutsen niƙa har suka yi sheƙi, ta kuma share 'yan haƙoran da ke ciki wajen mahaɗar murfin, kamar yadda take yi wa kowace kafin ta taɓa tukunya. Ta jera su a faifai ta rufe da sabon ƙyalle.

Malama Siddiƙa ta zauna a tabarma, ta ɗaga ƙyallen, ta ɗauki ɗaya ta juya. Ta sa gilashin ƙara girma, ta daɗe tana dubawa.

"Iya, wa ya goge su?"

"Ni mana, 'yar nan. Sun yi kyau ko?"

"Sun yi kyau ƙwarai." Ta ajiye a hankali. "Sai dai abin da nake dubawa shi kika goge. Haƙoran ciki da zanen da ke kan doron, da su muke gane iri. Yanzu ba zan iya rantsewa ba 'ya'yan baƙar ba ne."

Jafaru, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya.

"To, an yi wa shaida aski."

"Rufe mini baki." Ta juya ga malamar. "In kika ga wadda ba a taɓa ba fa?"

"Zan gane ta nan take."

Sun bi gefen gurbin gaba da baya, ba su tsinci ko ɓawo ɗaya ba, don Iya Kulu da kanta ta kwashe su tun farkon rani, waɗanda suka rage a gida kuma duk ta riga ta goge su don aiki. Saura masu rai, su kuma suna can ƙasa. Malamar ta ɗauko ragarta, Iya Kulu ta ce raga ba ta kai inda suke, sun nutse cikin laka, sai da ƙafa. Ta tuɓe takalmi, ta yi bismillah, ta shiga. Tun tana budurwa rabonta da ruwan da ya wuce gwiwa. Hijabinta ya taso ya baje a kan ruwa, kanta kaɗai ake gani a tsakiya.

"Kulu, fito," in ji Jafaru, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa. "Na ɗaga musu zuwa wata Asabar."

"Ba ɗagawa nake so ba."

Tana tafiya tana lalube da yatsun ƙafa, tana magana ita kaɗai. Baƙa. Baƙa kuma. Doguwa. Ba ta sunkuya ko sau ɗaya ba sai da ruwa ya kai mata ƙirji. Nan ta tsaya, ta murza ƙafa, ta nutsa gaba ɗaya. Da ta ɗago tana tari, hannunta a dunƙule yake.

Malama Siddiƙa ta karɓi ƙumbar, ta ɗauraye ta a hankali. Ga zanen nan a doro, tanƙwashe-tanƙwashe kamar saƙar tabarma. Ta auna, ta ɗauki hoto, ta sake aunawa.

"Wannan ba 'yar baƙa ba ce. Dangi ma ba ɗaya ba. Tafki goma sha ɗaya na zagaya ban ga irinta ba." Ta buɗe wata kwalba. "Zan tafi da ita a duba cikinta."

"Da ranta?"

"Sai an buɗe ta, Iya."

"A'a. Aro na yi. Rubuta abin da idonki ya gani, in ruwa ya ja baya zan tsinto miki matacciya, da lakarta da komai, ko hura ta ba zan yi ba."

Malamar ta dube ta, tsohuwa jiƙe sharkaf tana rawar ɗari, ta mayar da murfin kwalbar. A kan gwiwarta ta rubuta takardar, cewa zane da siffa sun isa shaida akwai iri na huɗu a gurbin yamma, sunansa kuma sai an ƙara bincike. Jafaru ya sa aka karanta masa sau biyu, ya naɗe ya sa aljihu.

Iya Kulu ta sake shiga ruwan, ta mayar da ƙumbar daidai inda ta ɗauko ta, ta danna ta cikin laka da babban yatsa. Ranar Asabar injin masu bulo ya sauka a gabas. Ita kuwa mura ta kwantar da ita kwana tara, kullum da hantsi Jafaru yana aiko mata da kunun tsamiya, tana mayar masa da saƙon cewa yaji bai ji ba.