Nomau, mai gyaran tuyo da ƙwallon goruba

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta, ruwa ya sauka tun hantsi bai ɗauke ba sai azahar. Da na fito, na tarar da gindin bangon zaurenmu ya jiƙe sharkaf, ƙasa tana zubowa. Zauren nan kakana ya gina shi a unguwar Birni, zanen da ke fuskarsa ma da hannunsa ya yi. Tsohon tuyo, wato bututu, na suminti da ke fitar da ruwan gidan zuwa waje ta ƙarƙashinsa ya bi, shi ne ya fashe.

Magina biyu suka duba, kowa ya ce sai an tone. Ni kuwa na san in aka tone, bangon ba zai tsaya ba.

Matata Barira ta ce a kira Nomau, taubashinta. Mutumin Droum ne, ya fara da ginar rijiya, daga baya ya shigo Damagaram yana lebura wurin masu shimfiɗa tuyon pampo. Can ya koyi aikin da ido, don bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Wata shekara ya tona rami kusa da katangar wata tsohuwa, katangar ta zube. Shi ya sake gina mata, kuma tun daga nan ba ya tona inda gini yake sai ya rasa dabara.

Ya iso da igiya, da tuyon roba a kafaɗa, yana gaigayar goruba.

Barira ta ce, "Aiki aka kira ka, ko kiwo?"

Ya ce, "Ke dai kawo bokiti uku na ruwa. Da tuwonki na zo da shi, da ya toshe ramin har abada."

Da ya cinye gorubar, ya huda ƙwallon, ya ɗaura masa zare mai ƙarfi, ya jefa a bakin tsohon tuyon ta tsakar gida. Ya ce mini, "Malam, je ka waje ka tsaya." Barira ta sheƙa ruwa. Bokiti na farko, shiru. Na biyu, ruwan laka kawai. Ina tsugune ina kallon bangon. A na uku sai ga ƙwallon ya ɓullo yana jan zarensa, na cafke shi da hannu biyu kamar an ba ni jariri.

Zaren ya jawo igiya, igiya ta jawo tuyon roba wanda bai kai tsohon kauri ba. Ina ja daga waje, Nomau yana turawa daga ciki. A tsakiya tuyon ya cije. Nomau ya ce kada in fizga. Ya shafa sabulu, ya murɗa shi a hankali, har ya wuce. Ya liƙe bakin biyu da suminti. Ko cokali ɗaya na ƙasa ba a tona ba.

Barira ta kawo masa tuwon, ya cinye kwano biyu yana kushewa.

Bayan sati bangon ya bushe, na yaɓe gindinsa. Damina shida ke nan bai sake jiƙa ba.

Nomau yanzu gwiwa ta hana shi tsuguno. Yana da rumfa a unguwar Zongo inda yake sayar da kayan pampo, masu gyara suna zuwa neman shawararsa.