Ranar da tasar ɗakin karatu ta faɗo

Duk wanda ya san garinmu a ƙasar Gummi ya san ɗakin ajiyar takin zamani da ke bakin kasuwa. Yaran yanzu sito suke ce masa, ni kuwa har yau bakina ya ƙi. Ɗakin karatu ne, kuma Babana ne ya gina shi tun zamanin En'e, kafin a haife ni.

Ginin tubali ne, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, shi ya sa ko da bazara ka shiga sai ka ji sanyi kamar an buɗe randa. Tagoginsa ƙanana ne, can sama, don haske ya sauka kan takarda. Bakan gizo biyu na azarar giginya suka taso daga kusurwa huɗu suka haɗu a tsakiya suna ɗauke da rufin, a mahaɗar kuma Baba ya manna wata tasa mai zanen fure. Ba don ado kaɗai ba. Kowane ɗan magini ya san in rufi ya fara motsi tasa ce ke fara saki, kuma ran da ta faɗo ba a ƙara zama a ƙarƙashinsa.

Duk shekara kafin ruwa Baba yakan hau ya yaɓe rufin da makuba, wato lakar da aka cuɗa da ɓawon ɗorawa, ya gyara indararo. Da aka ba ni kula da ɗakin, shekarun da En'e ta koma ƙaramar hukuma, sai abin ya riƙa ba ni kunya. Ga ni da biro a aljihu, ga ubana a sama yana cuɗa laka. Na yi ta zarya ofishin ayyuka har suka shafe rufin da siminti.

Baba ya ce, "Siminti bai kama ƙasa. Shina tsagewa, ruwa shi shiga, shi rasa hanyar hita."

Na ce masa zamani ya wuce nan. Wallahi haka na faɗa, a gaban mutane.

Damina biyu lafiya lau, ina ta hura hanci. A ta uku aka yi marka kwana uku ba ɗauke ƙafa. Ran na huɗu da safe na buɗe ƙofa, na tarar da tasa a kife kan teburin jaridu, ɓarɓashin ƙasa kewaye da ita.

Na san abin da take nufi sarai. Amma na share ƙasar, na jefa tasar a aljihun tebur, na ce wa kaina zuwa azahar zan san dabara. Gaskiyar magana, idon Baba nake tsoro.

Mutane suka fara shigowa. Malaman firamare biyu masu shirin jarrabawa, sai wani tsoho da ya fake yana jiran motar Adabka. Suka zauna daidai ƙarƙashin mahaɗa, don nan haske ya fi. Ina kallo yashi ya zubo kan shafin da wani malami ke karantawa, ya hure shi ya ci gaba. Na ci gaba da zama a teburina, ban tashe su ba.

Da hantsi Baba ya shigo. Shi ba ya duban littafi, sama yake duba. Ya daɗe tsaye, sannan ya tako gaban teburina ya yi ƙasa da murya.

"Ina tasa?"

Na jawo aljihun tebur. Ya karɓe ta, ya sa a aljihun rigarsa.

"Tun yaushe?"

"Tun safe, Baba."

Ya juya ya ce, "Malamai, ku yi haƙuri ku hita. Sannu-sannu, kada wanda ya bugi ƙofa."

Ya aro azara a maƙwabta ya tokare mahaɗar, ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ɗora tafinsa a jikinta. Ya ce, "Kwashe littattafan mutane. In na ce hita, kada ka tambaye ni."

Na shiga kwasa, malaman suna karɓa a bakin ƙofa. Duk dawowar da zan yi sai na ga ƙasa ta ƙaru a kan hularsa. Na roƙe shi don Allah ya fita, ni in riƙe. Ya ce hannunsa na jin abin da kunnena ba ya ji. Azarar ta fara ƙara ƙasa-ƙasa, ina jin ta har cikin haƙorana. Saura kantar littattafai ɗaya, na miƙa hannu ke nan.

"Hita."

Na fita. Shi bai biyo ni ba. Na tsaya cikin yayyafi ina kallon duhun ƙofar, ina cewa a raina na kashe ubana. Can sai ga shi da baya da baya, idonsa har yanzu a sama. Bai yi taku goma ba rufin ya zauna, da kantar nan ta ƙarshe a ciki.

Bangon bai ko gezau ba. Littattafan aka kai wani aji a firamare, daga baya aka sa wa ginin kwano aka zuba taki.

Da muka koma gida Baba ya miƙa wa Inna tasar ya ce, "Ga abinki." Sai ranar na san cikin kayan aurenta take. Ta juya ta a hannu, ta ce, "Da mutane ciki ta saki?"

Ya ce, "Ina shiga ta faɗo. Ɗanki ya hidda kowa."

Ban taɓa jin ƙarya a bakin Baba ba sai ranar, kuma har ya rasu ban ƙara ji ba. Inna ta wanke tasar, ta sa min albarka, da yamma ta zuba min tuwo a ciki. Baba na zaune gefe yana cin nasa. Ni dai loma ɗaya na kai baki, na ture tasar gefe.