Kafilin Makauniyar Mage

Da ana komawa baya a gyara abu, ba filin da na ƙi saye a gida zan gyara ba. Wata Juma'a zan koma, in rufe teburina in tafi unguwar Harra ta Yamma. Ban tafi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Shekarun baya ne, tun gemuna bai gama fari ba. Ina da ɗan tebur a gindin dutsen Uhudu, ina sayar wa alhazai dabino da carbi da tozali. Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, tana da mage. A bayan wani kanti ta tsince ta tana 'yar ƙarama, ta rene ta har ta tsufa, wani ciwo ya zo ya cinye mata idanu duka biyu. Allah bai ba mu haihuwa ba, saboda haka in na dawo na tarar tana yi mata hira, sai in ce, "To, uwa da 'ya, a matsa wa baƙo." Ni ban damu da magen ba, amma ita ta liƙe mini. Da ta ji ƙarar takalmina a matakala sai ta zo bakin ƙofa ta zauna.

Da ciwon mai ɗakina ya yi nauyi, ta ce da ni, "Malam, kada ka jefar mini da ita a titi. Ba ta gani." Na ce ba zan jefar ba.

Bayan an yi jana'iza, magen ta riƙa zagaya gidan tana kuka, tana shinshina wurin da mai ɗakina take sallah. Na gaya wa mutane mai gidan da nake haya ne ya hana ajiye dabba. Ƙarya na yi. Kukan ne ba na iya ji. Duk wanda na yi wa tayinta sai ya ce, "Tsohuwa, kuma makauniya? Ko ɓera ba za ta kama ba."

Wani abokina mai aiki a ɗakin magani shi ya gaya mini akwai wata tsohuwa 'yar Chadi a Harra ta Yamma, tana da gida mai faɗin tsakar gida, ta cika shi da magunan da ba mai so. Na sa magen a kwali, na je na gani. Wata ƙafarta uku, wata kuwa mota ce ta karya mata ƙugu, wata duk gashin ya zube. Ba mai zuwa ya ɗauki ko ɗaya. Wadda ta shiga gidan, a nan za ta ƙare kwananta.

Tsohuwar ta leƙa kwalin da na riƙo, sannan ta dube ni.

"Alhaji, kana da kafili, wanda ya tsaya maka a ƙasar nan?"

"Ina da shi, Inna."

"In ya manta da kai, yaya iƙamarka, takardar zamanka?"

"Sai ta mutu."

"To haka nan gidan yake. Ba na karɓar mage marar kafili. Ka riƙa kawo abincinta, kuma ka zo da ƙafarka ta ji muryarka. Wannan ba ta da ido, da kunne take rayuwa."

Na yi dariya. Ni da nake yawo da sunan wani a aljihuna, yau ga ni na zama kafili. Na ce na ɗauka.

Da farko na cika. Duk Juma'a bayan la'asar sai in sayi wuyan kaji da kawunan kifi in tafi. Kafin in gama sallama ta fito daga ƙarƙashin tankin ruwa tana lalube, ta zo ta kwanta a kan ƙafata. Ƙaton mutum, in zauna ina ba mage labarin kasuwa, tsohuwar tana cewa, "Ci gaba, Alhaji, ni ma ina saurare."

Sai lokacin aikin Hajji ya zo. Motocin alhazai suka cika Uhudu, kuma yammacin Juma'a ciniki ba a magana. Na fara ba wani maƙwabcina direban tasi ledar abincin ya kai. Na ce wa kaina abinci dai abinci ne, ko wa ya kai shi. Wata rana direban ya ce, "Tsohuwa ta ce 'yarka ba ta ci." Na ce ya gaya mata sai alhazai sun tafi. Ya sake dawo mini da saƙo: "Ta ce ko a bakin ƙofa ka tsaya, ka yi sallama ka juya."

Na yi niyyar zuwa Juma'ar nan, wallahi na yi. Sai ga mota cike da mutanen garinmu. Muka shiga gaisawa, wa ya mutu, wa ya yi aure, ina auna dabino ina dariya. Ban ankara ba sai kiran magariba na ji.

Da gari ya yi sauƙi na sayi hanta, wai ta ban haƙuri, na tafi. Na yi sallama. Maguna suka taso, ban da tawa. Tsohuwar ta ce, "Shigo, kafili." Ta ja ni bayan tanki, ta nuna mini wasu baƙaƙen duwatsu da aka jera a gindin katanga, inda ta binne ta.

"Duk takalmin da ya wuce a waje sai ta tashi ta je ƙofa," in ji ta. "In ba naka ba ne ta koma. Daga baya ƙafafun suka daina ɗaukarta, kunnen kawai take ɗagawa."

"Inna, ai ina aiko da abinci."

"Ka aiko. Sauran sun ci, sun gode."

Na tsuguna a wurin da ledar hanta a hannuna, na fashe da kuka. Rabona da kuka irin wannan tun ranar da muka dawo daga maƙabarta.

Da zan tafi ta nuna mini wani muzuru mai ido ɗaya da mugun hali. An kama kafilinsa ba takardu an mayar da shi ƙasarsu. Na ɗauki nauyinsa. Bai taɓa sona ba, yakushi kawai nake samu, amma ban sake fashi ba har ya mutu. Na ɗauki nauyin wata magen bayansa, har tsohuwar ta rasu, danginta suka sayar da gidan.

Wasu in na ba su labarin nan sai su ce, "Haba Alhaji, mage ce fa." E, mage ce. Amma ni ta jira, ba wani ba.

Ina roƙonku, duk wanda ya ɗauki nauyin wata dabba a irin wannan gida, kada ya yi yadda na yi. Ku aika abinci, amma ku je. In aka aiko muku cewa ba ta ci, ku rufe teburin a ranar.