Ranar da Zarto Ya Ƙware

Shekara talatin da ɗaya ya yi a kan injin yankan ƙarfe, kuma duk shagon ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Kunne ake ce masa. Tun yana da baƙin gashi ya sami sunan, har ya zama Baba Kunne, har matarsa ma in tana son tsokanarsa da shi take kiransa.

Injin nan ba wani abin kallo ba ne. Dogon zarto ne siriri da aka haɗe bakinsa biyu ya zama zobe, yana zagaya tayoyi biyu na ƙarfe, yana sauka a hankali kan duk abin da aka ɗaure masa. Abu ɗaya ke kashe shi: ɓarɓashin da yake kankarowa daga jikin ƙarfe, wanda mutanen shagon ke kira dusa. In dusa ta cushe tsakanin haƙora, zarto ya daina ci, sai guga, sai zafi, in aka yi sake ya tsinke. Baba Kunne cewa yake zarto ya ƙware, kamar yadda mutum ke ƙwarewa da ruwa.

Waɗanda suka ƙera injin ba wawaye ba ne. Sun sa masa ɗan buroshin waya mai juyawa, bai fi murfin gwangwani ba, don ya riƙa share haƙoran. Buroshin ya cinye tun zamanin tsohon mai shago, uban na yanzu, kuma Baba Kunne ne da kansa ya hana a sayo sabo.

"Na me?" in ji shi. "Ina da kunne."

Kuma wallahi yana da shi. Ko yana can bakin ƙofa yana shan shayi, ga walda tana tartsatsi, ga guduma, sai ka ga ya ajiye kofi ya taso. Ya kashe injin, ya zaro buroshin hannu daga aljihun baya, ya bi haƙoran ya share, ya ƙara buɗe ruwan sanyaya, ya sake kunnawa. Wai muryar zarton ce ke canzawa, takan ɗan shaƙe tun kafin ido ya ga komai. Ba wanda ke jin shaƙewar sai shi. Mai walda, wani dogo mai surutun tsiya da suka yi shekara ashirin bencinsu na kallon juna, yakan ce, "Zarto ya ƙware, Baba ya ƙware, kowa da irin tasa ƙwarewar." Baba Kunne ya harare shi, amma fa har cikin ransa yana jin daɗi.

To, abin ya fara ne da wata 'yar ƙara a kunnen hagu, kamar gyare ya shige ciki ya ƙi fita. Ya ɗiga mai, ya sa tsinke, ya kwanta ta wancan gefen. Ƙarar ba ta tafi ba, sai ma ta haye na dama. Maganar mutane ta koma kamar daga bayan bango ake yinta.

Matarsa ce ta fara ganewa, yo wa zai riga ta? Ita ce shekara talatin take kakkaɓe dusar ƙarfe daga naɗin wandonsa kafin ta jiƙa, har yatsunta suka saba da suka. Wata ranar hutu tana wanki a tsakar gida, yana zaune ya ƙure rediyo, ta taso da kumfa a hannu ta rage, ta tsaya daidai fuskarsa.

"Baban yara, sau uku ina maka magana."

"Tunani nake."

"Tunanin ne ya sa jiya jikarka ta yi ta sallama a ƙofa har ta gaji ta shigo? Ka je a duba ka. Kuma ka gaya musu a shago."

Sai ya hau faɗa. Shi za a ce wa kurma? Shi? Ta dai koma kan wankinta. Daga ranar, in za ta yi masa magana sai ta fara dafa kafaɗarsa, kuma ba ta sake ɗaga zancen ba. Dafawar nan ta fi masa zafi a kan faɗa.

Tsoro yake ji, gaskiyar magana ke nan. Ya san ranar da mai shago ya ji cewa Kunne ba shi da kunne, ranar za a ɗaga shi daga kan injin. In aka ɗaga shi, me ya rage? Ba ya walda, ba ya fenti. Zarto kaɗai ya sani, zarto kaɗai aka san shi da shi.

Don haka ya shiga dabara. Ya daina zuwa shan shayi bakin ƙofa. Yakan ɗora tafin hannu a jikin injin, wai yana hutawa, alhali karkarwar yake ji. Ya koyi karanta dusa da ido: in tana fitowa a nannaɗe tana ƙyalli, lafiya lau, in ta koma gari ko ta yi shuɗi, zarto na gab da ƙwarewa. Yakan share haƙoran ko ba su nema ba. In mai walda ya yi magana ya ga ana dariya, shi ma ya yi dariya. Kusan shekara guda yana wannan wahala, kullum ya koma gida da ciwon wuya saboda zura ido. Abin haushin, kalma ɗaya ce za ta raba shi da ita, ya ce a sayo buroshin nan. Amma ina! Mutumin da ya ce "na me?" a gaban kowa, da wane baki?

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. An kawo wani ƙarfe dunƙulalle, kaurin cinyar mutum, za a yi masa gunduwa takwas. Irin ƙarfen nan ne mai danƙo, dusarsa na liƙewa. Ya yanka uku lafiya. Yana kan na huɗu sai alli ya faɗi daga bayan kunnensa ya gangara ƙarƙashin benci. Ya ɗauke hannu daga injin, ya juya baya, ya durƙusa yana lalube.

Zarto ya shaƙe. Daga shaƙewa ya koma ihu, irin ihun da har mai gyaran taya na tsallaken titi ya ɗago kai. Mai walda ya ture gilashin fuskarsa ya ƙwala kira, "Kunne! Baba Kunne!" Sau uku. Baba Kunne na durƙushe yana neman alli, hankalinsa kwance.

Da mai walda ya ga haka sai ya tsallake benci ya nufi makunnin injin. Hannunsa na isa, zarton ya tsinke, bakin ya fallo waje ya zabge shi daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

Baba Kunne ya miƙe da allinsa, ya juyo, ya ga jini yana zuba cikin farin ruwan sanyaya, ya ga bakin kowa a buɗe. Innalillahi! Shi ya yage rigarsa ya ɗaure wa mai walda hannun, shi ya riƙe shi a mota har asibiti. Ɗinki goma sha tara aka yi. Likita ya ce da ya ƙara nitsewa kaɗan, da yatsun sun tashi aiki.

Washegari mai shago ya tara su a ɗan ofishinsa. Mutum ne mai kunya, a gaban Baba Kunne ya girma, har yanzu ba ya iya haɗa ido da shi sosai. Mai walda ya zo da hannu rataye a wuya, kuma tun kafin a tambaye shi ya karɓe zancen.

"Maigida, laifina ne. Ni na ja Baba da surutu, ka san bakina. Zarton ma dama ya tsufa."

Baba Kunne bai ji rabin maganar ba, amma ya karanta ta a leɓe, ya kuma ga yadda mai walda ya kauce wa idonsa. Ashe ya sani. Ashe tuntuni dogon nan ya sani, shi ya sa wata da watanni in zai yi ba'a sai ya zagayo ta gabansa ya ɗaga murya. Ga ƙofa an buɗe masa, shiru kawai zai yi ya koma kan injinsa. Ya dubi farin bandejin, jini ya ɗan ɓullo ta tsakiya.

"Ƙarya yake," in ji Baba Kunne. Muryar ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so, don ba ya jin kansa. "Bai ja ni da surutu ba. Ban ji ba ne. Shekara guda ke nan ba na ji."

Mai shago ya sunkuyar da kai ya daɗe yana juya biro. Da ya ɗago, sai ya rubuta a takarda ya miƙa masa, kuma rubutun nan ma ya soke shi a rai. Ba korarsa za a yi ba, har abada. Amma injin, a'a. Zai koma awo da zana layi, wani ya yanka.

Kwana biyu bayan nan aka sayo buroshin. A cikin 'yar leda ya zo, kusoshi biyu suka ɗaure shi. Baba Kunne da kansa ya ɗaura, ya daidaita shi yadda wayoyin za su shiga tsakanin haƙora ba tare da sun danne ba, don duk shagon ba wanda ya san yadda ake yi. Aka kunna. Ya tsaya yana kallon ɗan abin nan yana juyawa, dusa na zuba a tire tana ƙyalli. Aikin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana taƙama da shi ke nan.

Yana nan a shagon har yanzu, a bencin awo kusa da taga, da tef da alli, buroshin hannun na aljihun bayansa ko da yake ba abin da yake sharewa. Sunan ma yana nan, ba wanda ya iya canza shi. In lokacin shayi ya yi, mai walda yakan ƙwala masa kira daga can, "Baba Kunne!" don sabo. Sai ya tuna, ya ajiye abin hannunsa, ya tako har bencin, ya dafa masa kafaɗa da hannun nan mai tabo.